Wai da gaske injin nan na Turai zai iya haɗiye duniya?

Maman_Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu ilimin kimiyya ku taimaka min. An turo wani bidiyo a guruf ɗin danginmu na WhatsApp, mai maganar yana cewa Turawa sun haƙa rami a wani wuri wai shi CERN, sun dasa inji a ciki, duk ranar da suka ƙure masa wuta zai haifi baƙin rami, wai wani abu mai zuƙe duk abin da ya kusance shi, ya haɗiye duniya, ko ya buɗe wa aljanu ƙofa. Na san tashin duniya na Allah ne. Amma 'yata ta ji muryar, jiya cikin dare ta tashe ni tana tambaya ko za mu wayi gari. Surukata ma hankalinta a tashe yake. Me zan faɗa musu wanda ba ƙarya ba? Injin ma akwai shi kuwa?

Abu_Huzaifa: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki goge bidiyon ki kwantar wa yarinya da hankali. Sanin Sa'a yana wurin Allah shi kaɗai, haka ya zo a Suratul A'araf aya ta 187. Babu injin da zai kawo ta kafin lokacinta.

DanZariya_Fiziks: Wa alaikumus salam. Injin akwai shi, Hajiya. CERN cibiyar bincike ce da ƙasashen Turai suka kafa a 1954, kusa da birnin Jeniba, kan iyakar Suwizalan da Faransa. Injin da ake magana sunansa LHC. Zobe ne mai kewayen kilomita 27, a ƙarƙashin ƙasa, zurfin kamar mita 100. Abin da ake yi a ciki shi ne a ɗauko furoton, wato ƙwayar da ke tsakiyar zarrar iskar haidurojin, a kora su da gudu kusa da gudun haske, wasu ta dama wasu ta hagu, sai a haɗa su karo a wurare huɗu, a auna abin da ya fantsamo. Da haka ake gane da me aka gina abubuwa. Furoton ɗaya yana zaga zoben sau fiye da 11,000 a daƙiƙa.

Abin da za ki riƙe shi ne, an fara kunna injin tun 10 ga Satumba 2008. An fara karo mai ƙarfi a Maris 2010. An ƙara ƙarfin a 2015, an sake ƙarawa a Yuli 2022. Kowane lokaci sai wannan jita-jitar ta taso, kuma kowane lokaci gari ya waye. Bidiyon da aka turo miki tsohuwar magana ce aka sake wa murya.

Kawu_Bala: Malam DanZariya, ba wai ina ja da iliminka ba ne, amma "ba ta faru ba tukuna" ai ba hujja ba ce. Su da suka gina abin, me kake so su ce? Su ce eh, zai kashe ku? Kuma na ji cewa har kotu aka kai su.

DanZariya_Fiziks: Kawu, gaskiyarka, an kai su. A Maris 2008 wasu mutum biyu, Walter Wagner da Luis Sancho, sun shigar da ƙara a wata kotun tarayya a Hawai ta Amurka suna neman a hana kunna injin. Kotun ta kori ƙarar a kan ba ta da hurumi. Wani farfesa Bajamushe, Otto Rössler, shi da wasu suka je Kotun Kare Haƙƙin Bil'adama ta Turai, ita ma ba ta hana ba. Amma kotu ba ita ce hujjata ba, alƙali bai karanta fiziks ba. Hujjata tana sama da kanmu. Dare da rana ƙwayoyi suna zubowa daga sararin samaniya suna dukan iskar da ta lulluɓe duniya, kuma wasunsu sun fi na LHC ƙarfi nesa ba kusa ba. A 1991 an auna wata a jihar Utah ta Amurka da ƙarfinta ya ninka na furoton ɗin LHC sau miliyoyi. Irin wannan karon yana faruwa da duniya, da wata, da rana, tun kafin a halicci mutum. Da irinsa yana haifar da abin da ke cinye duniyoyi, da ba mu tarar da su ba.

Injiniya_Sakkwato: Bari in tsaya wa Kawu kaɗan, don akwai tambaya mai nauyi a nan da masu adawar suka yi. Suka ce ƙwayar da ta faɗo daga sama ta bugi wadda ke zaune, abin da ya fito zai wuce da gudu ya ratsa duniya ya fice. A LHC kuwa gaba da gaba ake karon, don haka abin da ya fito zai iya tsayawa nan tare da mu. To ina amsar wannan?

DanZariya_Fiziks: Madalla da wannan tambaya, Injiniya. An amsa ta a 2008, masana biyu, Giddings da Mangano, suka zauna suka yi lissafinta. Akwai matattun taurari masu tsananin cunkoso, waɗanda babu abin da zai ratsa su ya fice. Su ma ƙwayoyin nan suna dukansu. Da ƙaramin baƙin rami mai haɗari yana samuwa, da ya maƙale a cikinsu ya cinye su tuntuni. Ga su nan kuwa ana hango su da madubin hangen nesa, wasunsu sun yi shekaru biliyoyi. Akwai kuma lissafin masani Stephen Hawking na 1974 da ya ce ƙaramin baƙin rami ƙafewa zai yi nan take, amma wannan ba a taɓa ganinsa da ido ba, shi ya sa na fi dogara da hujjar taurarin. Kuma har yau na'urorin da ke LHC ba su ga alamar baƙin rami ko ɗaya ba, alhali nemansa suke yi.

BaMaradi: Salamu alaikum daga Nijar. Ni na yarda da bayanin Malam. Abin da ba na so shi ne a riƙa kallon mai tsoro kamar jahili. Mu nan iyayenmu sun san abin da ake kira gwajin Bature. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗin nukiliya a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ta ce ai hamada ce. Akwai mutane a hamadar. Ku ma Najeriya sai da kuka yanke hulɗa da Faransa a farkon 1961 saboda gwaje-gwajen nan. Ga kuma garin Arlit a nan Nijar, shekara da shekaru ana haƙar yuraniyom, mutanen garin suna kuka da ƙura da ruwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake.

Hajiya_Kaltume: BaMaradi ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Mu a Kano ba mu manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Sai ga shi a 2003 an ƙi rigakafin shan inna, yaran da ba su ji ba su gani ba suka nakasa. Cuta ta farko ta gaske ce, ta biyu kuma tsoron ta farko ne ya jawo ta. Shi ya sa nake son a yi wa mutane bayani dalla-dalla kamar yadda Malam ke yi, ba a ce musu ku yi shiru ba.

Mai_Murya: Na daɗe ina karatu a gidan nan ban taɓa rubutu ba. Yau dole ta sa. Irin bidiyon da Maman_Ilham ta faɗa, ni na san inda ake dafa su, don a irin wurin nake aiki. Wata kafa ce ta intanet, ba zan faɗi suna ba. Aikina fassara da ɗora murya. Ɗakin ɗaukar sautin wani lungu ne da aka manna wa kiret ɗin ƙwai da tsohuwar katifa a bango, ba a kunna fanka don kar ƙararta ta shiga, sai ka fito riga sharkaf. Oga zai turo bidiyon Turanci da safe ya ce a mayar da shi Hausa kafin azahar. Satin nan ya turo min na CERN ɗin nan, da hoton wuta da kiɗa mai firgitarwa. Na ce masa na bincika, maganar ba ta da tushe. Ya ce, "Kai aka ɗauka aiki ko bincikenka? Ka ƙara masa gishiri, tsoro shi ke kawo masu kallo." Ban yi ba har yanzu, ina ta kawo uzuri. Tun kafin azumi rabona da cikakken albashi, sai dai a tsakuro min. In na tambaya a ce in ba na so ga ƙofa nan, akwai masu jira. Matata tana da ciki, kuɗin haya ya kusa. Zuciyata ta riga ta bar wurin, ƙafata ce ta kasa. Ku ba ni shawara don Allah.

Abu_Huzaifa: Subhanallah. Ɗan'uwa, ka bar wurin nan. Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, to ina ga wanda aka ce ya ƙara gishiri da gangan? Kuma mutumin da ba ya ba ma'aikaci haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe, me kake jira a wurinsa? Wanda ya bar abu don Allah, Allah zai musanya masa.

Uwar_Biyu: Allah gafarta Malam, maganarka gaskiya ce, amma mai ciki ba ta cin wa'azi da daddare. Ƙanina, kar ka saki reshe ka kama ganye. Ƙin yin wannan bidiyon daban, ajiye aiki gobe daban. Ka ƙi na CERN ɗin kai tsaye, ka daina laɓewa bayan uzuri, amma ka fara neman wani wurin tun kana ciki. Mijina ya taɓa yin zuciya ya fita daga wani kamfani ba shiri, mun sha wuya wadda ba na fata ga kowa.

Abu_Huzaifa: Ban ce ya fita ba shiri ba, Hajiya. A ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Abin da nake tsoro shi ne "sai na samu wani" ta zama shekara biyu.

Lauya_Mai_Jiran_Kira: Mai_Murya, kafin ka yi ko wanne, ka tattara takardu. Takardar ɗaukarka aiki in akwai, bayanan shigar kuɗi daga banki, da duk saƙon da oga ya amsa cewa kana bin sa, ka ɗauki hotonsu ka ajiye a wata wayar. Ka rubuta masa saƙo cikin ladabi ka lissafa watannin da adadin kuɗin, don amsarsa ta zama shaida. In za ka tafi, ka ba da sanarwa a rubuce. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce wanda ya yi fiye da wata uku amma bai kai shekara biyu ba, sanarwar mako ɗaya ce. Daga shekara biyu zuwa biyar mako biyu. Shekara biyar zuwa sama wata ɗaya. In yarjejeniyarku ta faɗi wani wa'adi, ka bi shi. Ajiye aiki ba ya kashe bashin albashi, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita ke sauraron irin wannan. Sau da yawa ma wasiƙar lauya ɗaya ta isa.

Yar_Zango_Kumasi: Ni abin da ya tsaya min a rai, muryar da ke tsorata yaran mutane ashe ita ma a tsorace take. Allah ya yaye maka, Yaya.

Kawu_Bala: Ku yi haƙuri in dawo da mu kan inji. To in babu komai, me gunki yake yi a ƙofarsu? Na ga hoton da idona. Na kuma ga bidiyon da suke yanka mace a gabansa.

Injiniya_Sakkwato: Kawu, mutum-mutumin yana nan, na Shiva ne na addinin Hindu, gwamnatin Indiya ce ta ba cibiyar kyauta a 2004 saboda daɗewar hulɗarsu. Ba a cikin ramin yake ba, a fili yake tsakanin gine-gine. Mu ba akidarmu ba ce, amma kyauta ce ta ƙasa, ba ta da haɗi da injin. Bidiyon yankan kuwa na 2016 ne, wasan banza ne wasu suka shirya da dare, cibiyar ta fito ta ce ƙarya ne kuma ba da izininta aka yi ba. Babu wadda aka kashe. Wauta ce babba, don har yau ana yawo da shi.

DanZariya_Fiziks: Kuma kar a ɗauka ina cewa injin ba shi da haɗari ko kaɗan. Yana da shi, amma ga wanda ke kusa. Karon furoton biyu, ƙarfinsa bai wuce na sauraye 'yan kaɗan a tashi ba. Sai dai furoton ɗin da ke cikin zoben tiriliyoyi ne, in aka haɗa ƙarfinsu zai narkar da tagulla kilo 500. Shi ya sa ba a barin kowa a ramin in yana aiki. A 1978 wani masani ɗan Rasha, Anatoli Bugorski, ya sa kansa a hanyar furoton a wani injin a Protvino, suka ratsa kansa. Ya rayu, amma rabin fuskarsa ya shanye, kunne ɗaya ya mutu. LHC kansa, kwana tara da kunna shi, ranar 19 ga Satumba 2008, wani haɗin waya tsakanin maganaɗisu biyu ya ƙone, iskar hiliyam tan 6 ta tsere, sai da aka ciro maganaɗisu 53, aka yi fiye da shekara ana gyara. A 2016 ma wata 'yar dabba mai kama da tunku ta shiga taransifoma ta tsayar da shi. Irin ɓarnar da aka gani ke nan. Ita kuwa jita-jitar ta ci rai: a Satumba 2008 kafofin labarai sun ruwaito wata yarinya 'yar shekara 16 a jihar Madhya Pradesh ta Indiya da ta kashe kanta bayan ta kalli rahotannin talabijin na cewa duniya za ta tashi. Mai_Murya, wannan ya sa nake roƙonka, duk abin da ka yanke game da aikin, kar ka ɗora muryarka a kan wannan.

Maman_Ilham: Innalillahi. Wannan labarin ya girgiza ni. Na zaunar da yarinyar bayan la'asar, na ce mata injin ya girme ta, yana aiki tun kafin a haife ta. Ta tambaye ni to me ake nema da shi, na rasa amsa.

DanZariya_Fiziks: Ki ce mata ana neman sanin me ya sa abubuwa suke da nauyi. Tun 1964 Peter Higgs da wasu suka yi hasashen wata ƙwaya, aka yi shekara 48 ana nemanta, sai ranar 4 ga Yuli 2012 aka sanar da ganinta a LHC. Ki kuma ce mata shafukan intanet ɗin nan da muke buɗewa, a CERN Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarinsu a 1989. Akwai asibitoci a duniya da ke ƙona ciwon daji da furoton, da ƙananan injuna 'yan gidan wannan. In ta girma tana so, nan Zariya muna da cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da ƙaramin injin nukiliya na bincike da ke aiki tun 2004.

Kawu_Bala: A Zariya?! To wannan ma sai mun zauna a kansa wata rana. Na karɓi maganar gunki. Maganar baƙin rami kuma na ji, amma raina bai gama kwanciya ba, tunda an ce suna shirin haƙa wani mai kilomita 91.

BaMaradi: Kawu, ni a kan wancan ba tsoro nake ba, kuɗin nake tambaya. Wannan ma ya ci sama da faran biliyan 4 na Suwizalan. Amma dai dukiyarsu ce.

Mai_Murya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Da yamman nan na faɗa wa oga baki da baki ba zan yi na CERN ba. Bai kore ni ba, ya dai ce zai ba wani yaro, kuma kar in sa ran komai wannan watan. Na tura masa lissafin bashina a rubuce kamar yadda Lauya ya ce, ya karanta bai amsa ba. Sanarwar ajiye aiki na rubuta ta, tana cikin waya, ban tura ba. Sai na yi magana da mai ɗakina da mahaifina tukuna.

Uwar_Biyu: Hakan ya yi. Ka gaya mata komai, har adadin bashin, kar ka rage don ka tausaya mata.

Hajiya_Kaltume: Ɗana, ina da ƙanwa mai makarantar Islamiyya da ke neman wanda zai karanta musu darussa a naɗa don iyaye mata. Ba albashi ba ne, aikin wucin gadi ne, amma tana biya a kan lokaci. Ka turo min gwajin muryarka ta akwatin sirri. Malam DanZariya, kai ma da za ka rubuta wannan bayanin naka a taƙaice, shi ya karanta, a samu abin da za a tura wa guruf ɗin dangi.

DanZariya_Fiziks: Zan rubuta, Hajiya, amma sai ƙarshen mako, muna cikin jarrabawa. Kawu Bala, in shirya maka amsar mai kilomita 91 ɗin a ciki, ko a buɗe mata zare daban tare da ta Zariya?

Kawu_Bala: A buɗe daban. Ina da tambayoyi da yawa a kan ta Zariyar, 'yata a Samaru take aure.